Yayana da Ɗan Dutsen da Ke Riƙe Lokaci

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan, ku ba ni aron kunnuwanku. Da bakin tatsuniya na iya magana, amma abin da zan faɗa yau ya faru, kuma ina wurin. Ni ban taɓa shiga aji ba. 'Yata ce zaune a gabana da kwamfuta, ina faɗa tana bugawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi, aka yi masa sutura washegari bayan azahar. Kwana uku ƙofar gidan ɗana a Largo, nan Amurka, ba ta rufu ba. Takalma sun cika bakin ƙofa har kan matakala, har maƙwabciyarmu ta fito tana tambaya ko lafiya. Da aka gaya mata, ta koma ta dawo da kujerunta huɗu na naɗewa. Mutanen Kumasi sun zo cikin mota guda, babbansu yana share ido da hularsa, yana cewa sau uku Malam ya gyara musu lasifikar masallaci, bai taɓa yarda a ambace shi a sanarwa ba. Direbobin Nijar suka zo bayan sun tashi aiki. Wata Baturiya mai furfura, daga kamfanin da ya yi wa aiki a Springfield, ta cire takalminta ba wanda ya ce mata, ta tsaya a falo ta rasa inda za ta sa hannunta. Alhaji mai kantin nama na Hyattsville, mutumin Maraɗi, ya zauna a bakin ƙofa tun safe har la'asar bai ce komai ba sai amin.

A rana ta biyu wani baƙo ya tambaya, wai shin wace irin sana'a marigayin yake yi. Wannan ya ce gyaran rediyo, wancan ya ce kwamfuta, wani ya ce injiniya ne amma ba shi da takarda. Ɗan farina, wanda ya fi kowa sani, ya sunkuyar da kai ya hau sama. A nan na ce a raina, idan na yi shiru, nan da shekara biyu ba wanda zai san abin da hannun mutumin nan ya iya.

A Fagge ya fara, a wata 'yar rumfa, da rediyoyin mutane jibge har rufi. Da mijina ya rasu ɗan farina yana shekara bakwai, Yaya ya ɗauke shi ya riƙe. Shi ya fara zuwa Amurka, ya jawo yaron ya yi karatu har ya zama injiniya, ni ce ta ƙarshe, na zo renon jikoki. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na shiga maganarsa a gaban mutane. Haka muka taso, jirgin sama bai canza ni ba.

Ko da na zo, Yaya ya bar rediyo. 'Yan alluna koraye yake haɗawa, kamar tafin hannu, kowanne da wani baƙin abu a tsakiya mai ƙafafu jere kamar shanshani. Wannan baƙin abin shi ne ƙwaƙwalwar allon. Duk allon da aka miƙa masa, sai ya sa tabarau, ya juya gaba ya juya baya, ya yi tambaya guda: wa ke riƙe musu lokaci? Kuma ba ya yarda da allo sai ya yini a firiza, sannan ya yini a gaban mota cikin rana. In ya zo mana kwana biyu, sai in buɗe firiza neman kuɓewa in tarar da allo a leda, da siririyar waya ta fito ta bakin ƙofa.

Ranar da na yi masa faɗa a kan haka ya zaunar da ni. Auta yake ce mini, har na yi jikoki.

"Auta, kin tuna lugude a tsakar gidan Inna?"

Na ce na tuna. Ya ce to allo biyu in za su yi magana ta waya, haka suke, mata biyu turmi ɗaya. Ba murya gare su ba, bugu ne da shiru, bugu da shiru, kuma mai sauraro dole ya san daidai lokacin da zai kasa kunne. In lissafinsa ya fi na mai magana sauri ko da kaɗan ne, kafin a kai ƙarshen kalma ya saurara a inda ba nan ba, ya ji wani abu dabam. Ya ce ana iya ƙara waya guda wadda aikinta tafi kawai, kamar mace ta uku tana tafa musu, amma wannan sai suna kusa da juna. Ana iya barin kowacce ƙwaƙwalwa da agogon da aka gina mata a cikinta, ba a ƙara komai. Sai dai agogon ciki kamar bugun zuciya yake, sanyi ya taɓa shi ya canza, zafi ya taɓa shi ya canza, batir ya yi rauni ya canza. Sai kuma kiristal. Ya fito da shi daga aljihu ya ɗora mini a tafi: ɗan gwangwani kamar ƙwayar wake, da ƙafa biyu. Ya ce ɗan dutse ne a ciki, yana karkarwa a kan ƙa'ida guda, ko a ƙanƙara ko a rana.

Na ce to a sa wa kowa dutsen mana a huta. Ya ce a'a, dutsen yana cin ƙafa biyu na ƙwaƙwalwa, kuma in fitila kawai allon zai kunna ya kashe, na ciki ya isa har ya yi yawa. Sai an san inda allo zai zauna da wanda zai yi magana da shi, sannan a zaɓa masa. Daga ranar ban sake fitar masa da leda ba.

Mutum ne mara yawan dariya, amma Asabar biyu ya kashe yana koya mini jirgin Metro, don ya ga zaman gida yana cina. Tunda ba na karatu, ya koya mini da launi da carbi, kowace tasha ƙwaya guda. Shuɗi daga Largo, in ja ƙwaya goma in sauka, in hau matakala mai tafiya, in shiga kore, in ja tara, ga Hyattsville inda yake zaune. A zuwa na uku ya zauna can ƙarshen tarago ya yi kamar bai san ni ba, har na sauka daidai. Da muka fito ya ce, to, yanzu ba mai tsare ki.

Rigimar ta zo ne a shekarar da Babbar Sallah ta faɗo cikin zafin Agusta. Ɗan farina yana aikin kula da na'urori a ma'aikatar gunduma, a gefe kuma yana so ya kafa nasa. Alhaji mai kanti yana da ɗakin ƙanƙara a bayan kantinsa. Mutanenmu in sun yanka layya a gona, can suke kai naman, kowa da sunansa a jikin leda, har su samu sukunin rabawa, don firizar gida ba ta ɗaukar rago. Injin ɗakin ya tsufa, sau biyu yana tsayawa a bazarar nan. Sai ɗan farina ya haɗa masa na'ura: allo ɗaya a cikin ɗakin tare da nama yana jin sanyi, ɗaya a akwati a waje, jikin bango kusa da injin, waya ta ratsa bango tsakaninsu. In sanyi ya fara raguwa, na ciki ya gaya wa na waje, na waje ya buga wa Alhaji waya. Da wannan alkawarin Alhaji ya shirya rufe kanti kwana uku bayan an zuba nama, ya tafi Sallah wurin 'yan uwansa a New York.

Wata Juma'a bayan masallaci suka taru a gidanmu cin abinci, Alhaji ma yana nan. Ɗan farina ya ɗauko allon yana nunawa, fuskarsa kamar ta ango. Yaya ya sa tabarau, ya juya gaba ya juya baya, ya yi tambayarsa. Yaron ya ce agogon ciki ne, na zamanin yanzu tun daga masana'anta ake saita shi, takardar masu ƙera shi ta faɗa. Ya ce ƙafafun nan biyu ya ba fitila da maɓalli. Ya ce sati biyu yana gwadawa a kan tebur, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba.

"Wane tebur?" in ji Yaya.

"Wannan da muke kai."

"A nan naman zai zauna?"

Alhaji ya yi dariya. Ba da mugunta ya yi ba, amma na ga inda ta sauka. Ɗan farina ya ajiye cokali, ya juya harshe zuwa Turanci, da kawun da ya riƙe shi, a gaban baƙo. Ban ji abin da ya ce ba, na dai ga surukata ta tashi ta kwashe yara. Daga baya na matsa mata ta faɗa mini: ya ce wannan tunanin zamanin rediyon Fagge ne, Kawu ya tsufa, ya kamata ya huta.

Yaya ya shanye ruwansa, ya yi hamdala. Da Hausa ya amsa. Ya ce a ba shi aron allunan kwana biyu kawai. Yaron ya ce ba shi da na ajiya. Ni kuwa da idona na ga wasu biyu a kwali ƙarƙashin teburinsa, ɗaure da roba, ranar da nake shara. Yaya ya ɗauki hularsa ya yi wa Alhaji sallama ya fita.

 In na tsawata wa ɗan fari a gaban baƙo na karya shi, in na yi shiru na bar ɗan uwana ya fita da wannan maganar a kansa. Shirun na zaɓa, kuma bai bar ni na ci abinci da daɗi ba har kwana goma sha ɗaya. A cikin kwanakin ba gaisuwa tsakaninsu. Yaron ya je ya kafa na'urarsa a kanti. Mata suna ta buga wa surukata waya suna cewa bana hankali kwance, injiniya ya tsare mana nama.

Ranar Arfa, ina azumi, da suka fita aiki na shiga ɗakin ɗan farina. Ni da ban taɓa ɗaukar allurar wani ba, na durƙusa na jawo kwalin, na ɗauki allunan biyu yadda suke da robarsu, na naɗe a ɗankwali na sa ƙarƙashin hijabi. Ba wanda ya aike ni. Na hau jirgi, na ja ƙwaya goma, na ja tara.

Yaya ya buɗe ƙofa, na warware ɗankwalin. Ya daɗe yana kallo.

"Ya san kin ɗauko?"

Na ce a'a. Ya kauce ya ba ni hanya.

Ya sa na cikin a firizarsa, ya ɗora na wajen a taga inda rana ke bugawa, ya jona shi da tsohuwar kwamfutarsa don mu ga abin da yake ji. Rubutu ya fara saukowa layi bayan layi. Ban iya karantawa ba, amma na ga kowane layi kamar ɗan uwansa, jere kamar kunyoyin gona. Muka zauna. Can wajen sa'a guda, layi ɗaya ya fito a karkace. Wasu suka biyo lafiya, sai wani karkataccen, sai biyu a jere. Kafin azahar duk fuskar kwamfutar ta zama kamar inda kaji suka yi tono. Fitilar da ke jikin allon waje kuwa tana nan koriya, ko ƙyaftawa ba ta yi.

Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. In na waje ya ji shirme sai ya zubar, ya riƙe magana ta ƙarshe da ya gane, ita ce lafiya lau. Ba zai sake gane ɗan uwansa ba sai ɗakin ya yi ɗumi sosai. Kafin nan nama ya saki, kanti a rufe, mai kanti yana wani gari, ga zafin Agusta. Layyar gidaje da yawa, kuma kowa ya san sunan wanda ya ce a kwantar da hankali.

Na ce ya buga wa Alhaji waya yanzu. Ya ce in ta bakinsa maganar ta fita, yaron ya gama a garin nan, za a ce har kawunsa ya tona shi. Na ce to ya je ya gyara a ɓoye. Ya ce ba ya taɓa aikin wani a bayan idonsa, kuma in ya gyara wannan, wa zai gyara na gaba ranar da ba ya nan. Ya danna lambar ya miƙo mini wayar. Na ce ni? Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa kiran yaron da kaina ba, ta wurin matarsa nake bi. Ya ce in shi ya kira ba zai ɗauka ba.

Ya ɗauka. Na ce kawunsa yana nemansa a gida, yanzu. Ya tambaya ko lafiya, muryarsa ta canza, don ya san ba na kira. Na ce ya dai zo.

Alhaji ƙarfe shida yake rufewa ranar, saboda shan ruwa. Gobe da hantsi nama zai fara shigowa, kuma in ɗaki ya cika ba mai shiga da kayan aiki. Ɗan farina bai iso ba sai biyu da rabi, da rigar aiki a jikinsa. Ya shigo ya ga waya ta fito daga firiza, ya ga allonsa a taga, ya gan ni a kujera da ɗankwalin a cinya.

"Kawu, har abin ya kai ka aiko a shiga ɗakina?"

Na buɗe baki. Yaya ya ɗaga mini hannu.

"Laifin a wuyana yake. Zauna."

Bai ce shi ya aike ni ba, bai ce ba shi ba ne. Ni kuma na rufe bakina na bar shi ya ɗauka.

Ya ciro allon daga firiza ya ce yaron ya riƙe a tafin hannu har ya yi ɗumi. Layuka suka miƙe. Ya ce ya mayar da shi firiza da hannunsa, ya rufe. Muka zauna mu uku, kowa da azumi a bakinsa, ba abin da ake ji sai gurnanin firiza. Yaron yana duba agogonsa yana kaɗa ƙafa. Da aka yi minti arba'in ya miƙe ya ce ga shi nan, lafiya ƙalau, ya bar aiki a banza. Yaya bai ɗago ba, ya ce sanyi bai kai cikinsa ba tukuna, ya ƙara kaɗan. Yaron ya tsaya a tsaye da makullin mota a hannu. Ina roƙon Allah a zuci, kuma har yau ban san me na roƙa ba, layin ya karkace ko kada ya karkace.

Ya karkace. Yaron ya matso ya dafa tebur. Na biyu, na uku. Ya ajiye makullin.

Ya fara magana da sauri, da Hausa wannan karon. Ya ce zai gyara ta cikin rubutun ƙwaƙwalwa, ya saita agogon daidai da sanyin. Yaya ya tambaye shi wane sanyin, na lokacin da ƙofa ke rufe ko na lokacin da ake shige da fice, kuma na wajen fa, zafin safe za a saita masa ko na la'asar. Ya ce to zai rage musu saurin magana. Yaya ya ce mata biyu da bugunsu ya saɓa, ko sun sassauta dakan, saɓanin yana nan daidai gwargwado. Ya ce a ƙara wayar tafi. Yaya ya ce an riga an toshe bango, wayar tana da tsawo, kuma ta gefen inji ta bi. Yaron ya shafa fuska.

"Ban bar wa kiristal wuri a allon ba, Kawu."

"Fitila da maɓalli suna zaune a wurinsa. Ka tashe su."

Yaya ya ɗauko wani ɗan gwangwanin alewa cike da duwatsun nan, ya kunna ƙarfen dalma, ya jira ya yi zafi, ya ɗauka. Bakin ƙarfen ya shiga rawa a iska. Ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, bai daina ba. A nan na gane dalilin da ya bar aiki bara ba tare da ya faɗa mana komai ba, da dalilin da yake riƙe kofin shayi da hannu biyu. Yaron ma ya gani. Yaya ya mayar da ƙarfen mazauninsa a hankali.

"Hannuna ya bar ni," ya ce. "Naka za mu yi da shi."

Suka canza kujera. Yaya yana tsaye a bayansa yana faɗa, ya gajarta ƙafafun dutsen, ya matso da shi jikin ƙwaƙwalwa, kada ya daɗe da wuta a kai, ga wasu 'yan ƙanana biyu kamar ƙwayar gero da za a liƙa masa a gefe. Da aka gama liƙi ya ce saura mai wuyar. Sai an gaya wa ƙwaƙwalwa ta bar agogon cikinta ta saurari dutsen, kuma in dutsen bai zauna da kyau ba za ta kurmance, da kayan da ke ɗakin nan ba su da hanyar sake yi mata magana. Allunan kuwa su ke nan biyu. Yatsan yaron ya tsaya a kan maɓallin kwamfuta. Yaya ya ce ya sake duba liƙin da tabarau. Ya duba. Ya yi bisimilla ya danna. Ta amsa. Aka yi wa na biyun haka, na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ita ma ta amsa.

Ƙarfe huɗu da rabi ta wuce. Yaron ya fara naɗe waya, Yaya ya ce ina zuwa, firiza. Yaron ya ce Kawu lokaci. Yaya ya ce sa'a guda, ko minti ɗaya ba zai rage ba, gara su tarar da kanti a rufe su je gidan Alhaji su roƙe shi da su kai abin da ba su gani da idonsu ba. Suka yi la'asar, yaron ya ja sallar, don Yaya ya tura shi gaba. Muka koma muka zuba wa layuka ido. Biyar da rabi ta yi, suna nan a miƙe.

A mota yaron ya ce zai gaya wa Alhaji sabon samfuri ne ya kawo. Yaya ya ce ya faɗi abin da yake, cewa wanda ke bango tun kwana goma ba ya jin komai. Muka iso Alhaji yana jawo ƙofar ƙarfe. Ni da Yaya muka zauna a mota. Ta gilashi na ga yaron yana magana kansa a ƙasa, na ga Alhaji ya ɗora hannu biyu a ka, sannan ya shiga nuna ɗakin ƙanƙara yana nuna shi. Sai ya taho wurinmu ya sunkuyo ta taga.

"Malam, wannan na biyun, kai ka yi shi?"

"Shi ya yi. Ni tsayawa na yi."

"Bon, to. Ka yarda da shi?"

"Na sa shi a sanyi na gani."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ya ɗage ƙofar. Yaron ya shiga ɗakin ƙanƙara da 'yar rigarsa ta aiki, ya fito leɓɓansa sun yi fari. A nan bakin kanti muka sha ruwa da dabinon Alhaji.

Injin bai tsaya ba a Sallar nan. Kowa ya zo ya ɗauki ledarsa da sunansa, ya yi godiya ya tafi, ba wanda ya san abin da aka yi ranar Arfa. Sai bayan wata guda injin ya mutu, wata Lahadi da rana tsaka, wayar Alhaji ta yi ƙara yana cikin cin abinci, aka kwashe kaya ko kaza ɗaya ba ta lalace ba.

Alhaji bai je New York ba a shekarar, ya zauna yana leƙa ɗakin safe da yamma. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma sai da aka shekara biyu kafin ya sake haɗa yaron da wani mai kanti. Yana nan da kantinsa, ya sa sabon inji. Surukata ta koma karatun jinya ta gama, ita ta kula da Yaya da ciwon ya yi nisa muka dawo da shi gidanmu. Ɗan farina bai bar aikin gunduma ba, na gefen yana tafiya a hankali. Ban taɓa jin ya ce Kawu yi haƙuri ba. Amma kowace Juma'a sai ya je ya ɗauko shi masallaci, in sun dawo ya zaunar da shi ya yanke masa farce, hannu da ƙafa, har Juma'ar ƙarshe.

Yaya kuwa ya tafi inda duk za mu je. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta.

Saura ni. Sau biyu ina ce masa ya bar ni in faɗi gaskiya, yana cewa in bari, yaro ya yi fushi da kawunsa abu ne mai wucewa, da uwarsa kuwa ba ya so ya gani. Ya tafi da laifina a wuyansa, kuma ba zan bar shi ya kwanta da shi ba. Bakina ba zai iya faɗa wa ɗan fari ido da ido ba, shi ya sa na ce 'yata ta buga ta miƙa masa. Kai, kawunka bai aike ni ba. Ni na shiga ɗakinka.